Waɗanda Ba a Samu Ba

3 ga Afrilu

'Yar Boko,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata takardar nan ta same ku lafiya, ke da Goggo da ƙafarta mai sanin ranar da za a yi ruwa. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwata ta hagu da ta fara yi mini gardama a kan matakala. Uwargida tana gaishe ki. 'Yarmu Tsagera ta zubar da haƙora biyu, ta kuma koyi karatu, abin da ya zame mana jarrabawa a gidan nan. Buhun abincin kaji, kwalin magani, bayan mota, duk inda ta ga rubutu sai ta tsaya ta karanta da ƙarfi, in kuma umarni ne sai ta bi. Shekaranjiya ta karanta "A girgiza kafin a sha" a jikin kwalba, ta zo ta girgiza mini shayi a kan wando.

Na san za ki ce ba na rubuto miki sai ina da buƙata. Haka ne. Kakata da kakarki ciki ɗaya suka fito, wannan ya ba ni izinin damun ki sau biyu a shekara.

Tsohuwar akori-kurata ta mutu. Bakanike ya leƙa cikinta ya yi mini ta'aziyya. Kin san aikina, gonakin kaji goma sha huɗu ne a wuyana, mafi kusa tafiyar awa ɗaya, mafi nisa awa huɗu, a kan hanyar da rami ya fi kwalta yawa. Ina ɗaukar allurai, wani lokaci kwalayen 'yan tsaki. Tun da Uwargida ta koma aikin asibiti kuma, Tsagera ce 'yar rakiyata duk ranar da babu makaranta.

Ina son sabuwar ƙaramar jif, irin masu ɗan tudun nan. Dillali ya nuna mini guda uku, na jera sunayensu a bayan takardar nan. An ce aikinki shi ne kiran masu sababbin motoci kina tambayarsu ko sun ji daɗi. To wacce zan saya? Ki faɗa mini a fili, ba irin maganarki ta jami'a ba, wadda sai mutum ya kwana uku yake gane zagin sa aka yi.

Kada ki wahalar da kanki da waya. A kwarin da muke ciki ba ta kamawa sai an hau dutse, ni kuwa ga gwiwa. Ki ba direban motar abincin kaji amsa, duk sati biyu yake zuwa.

Yayanki,
Likitan Kaji

15 ga Afrilu

Yaya Likita,

Takardarka ta iso da warin dusa, ban ma buƙaci duba sa hannu ba. Muna lafiya. Goggo ta ce ƙafarta ta ce daminar bana za ta yi ƙarfi, ka gyara rufi. Ka gaishe da Anti. Ka ce wa Tsagera akwai aiki a ofishinmu in ta girma, don mu ma abin da aka rubuta muke bi, ko da shayin wa zai zube.

Bari in gaya maka inda amsarka za ta fito, don ka san nauyinta. Hawa na biyar ne, ɗaki ɗaya, tebur goma sha biyu, taga guda mai kallon bangon wani ginin. Kowacce cikinmu da abin magana a kunne. Wata biyu bayan mutum ya sayi mota sunansa ke fitowa a kwamfuta, sannan ya sake fitowa bayan shekara. Tambaya ashirin muke yi: ƙarfin inji, shan mai, sau nawa ta kai ka gareji, sanyin esi, laushin kujera, da sauransu. Ta kusa da ƙarshe ita ce, daga ɗaya zuwa goma nawa za ka ba ta.

Doka biyu gare mu. Ta farko, wanda sunansa ke takardar mota shi kaɗai ke amsawa, ba matarsa ba, ba direbansa ba. Ta biyu, kira uku ne. In ba a same shi ba, sai a yi masa alama a wani ɗan akwati mai suna "ba a samu ba", a cire shi daga lissafi. Oganmu, wanda muke kira Mai Jadawali, yakan ce wanda bai yi magana ba ba shi da ra'ayi. Yana da digiri biyu, don haka ba a musa masa.

An hana mu ambaton sunayen motoci kafin rahoto ya fita, saboda haka ga sunayen da muke kiran su a ofis, bisa jerin da ka rubuto.

Ta farko Mai Tari. Injinta ƙarfi gare shi, tana hawa tudu da kaya kamar ba a gaya mata an ɗora ba. Amma ƙara kamar injin niƙa, ƙofofi na kaɗawa, iska na shigowa ta inda ba a gayyace ta ba. Masu ita sukan zage ta minti goma, sannan in na tambayi sau nawa ta bar su a hanya su ce ai ba ta taɓa ba. Makinta bakwai.

Ta biyu Amarya. Ga gudu, ga kyau, ga allo a gaba kamar talabijin. Tana shan mai kamar an huda tanki, giyarta kuma na rikicewa in ta ji zafi. Ɗaya cikin biyar ya kai ta gareji kafin wata biyu. Shida da rabi, rabin nan kuma saboda maƙwabta suna kallo ne.

Ta uku Shiru. Tara da ɗigo takwas.

Shekara shida ina wannan aikin ban taɓa ganin irin wannan makin ba. Mutanen da nake kira, ko kyauta ka ba su mota sai sun ce launin bai yi ba. Masu Shiru ba sa ƙorafi. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne maganarsu iri ɗaya ce, kamar an raba musu takarda. "In ka rufe ƙofa kamar duniya ta tafi." "Yara na shiga sai barci." "Ban san lokacin da nake isa ba." Muryarsu a kwance, ba sauri. Jiya wani ya ce mini, "Hajiya, ni ban ma tuna hanyar ba, kawai na gan ni a ƙofar gida." Na rubuta a gurbin yabo, don fom ɗin ba shi da wani gurbin da zai shiga.

Ka ce in faɗa a fili. In ni ce, Mai Tari zan saya, don na fi yarda da abin da ke faɗin damuwarsa da bakinsa. Amma idan wadda kake nema ita ce motar da babu mai ita ko ɗaya da ya taɓa dawowa da kuka, to ga Shiru nan, takarda ta wanke ta tas. Rahoton bai kammalu ba, ka ɗan jira ni.

Ƙanwarka,
'Yar Boko

20 ga Mayu

'Yar Boko,

Gaisuwa da godiya. Ya Goggo? Ki gaya mata ƙafarta ta yi gaskiya, an fara ruwa kamar da bakin ƙwarya, gadar da motar abinci ke bi har ta fara rawa. In takardata ta makara, laifin ruwa ne. Muna lafiya, sai ɗan ciwon kai da ke damuna kwanan nan in na dawo daga gona. Uwargida ta auna jinina ta ce lafiya lau, tsufa ne kawai.

Na gano wasanki. Kin ce in sayi Mai Tari don ki ji ana cewa ga Likitan Kaji can yana tafe da injin niƙa, ki sami abin dariya na shekara. Na san ki tun kina rarrafe, gaskiyarki kullum a layin ƙarshe kike ɓoye ta. Takarda ta wanke ta tas, kika ce. Ranar 25 ga watan jiya na ɗauko Shiru, fara sol.

Ƙanwata, mutanen nan naki ba su yi ƙarya ba. In ka ja ƙofar nan ta ce "dum", shi ke nan, ko ana tsawa ba ka ji. Tsagera da ba ta rufe baki daga gida har gona, yanzu kafin mu yi rabin awa ta mimmiƙe a kujerar baya. Sai na girgiza ta take tashi. Ni kaina wata natsuwa ke sauko mini wadda ban taɓa ji ba. Satin jiya na wuce kwanar wata gona da kusan kilomita ashirin ban sani ba, gonar da nake zuwa shekara tara. Na yi ta dariya ni kaɗai. Har takardarki ma a ciki na sake karanta ta, gilashi a rufe, esi na busawa. Nan ne ofishina yanzu.

Uwargida ce kaɗai ba ta son ta. Wai tana sa ta jiri. Da ta shiga sai ta sauke gilashi, ni in ɗaga, har mun yi 'yar rigima, na ce ba a sayi esi don a sanyaya daji ba.

Ƙarfi kuma tana da shi daidai gwargwado, ko da yake ba ta kai yadda kika kwatanta Mai Tari ba. Mai kaɗan take sha. Sati na biyu na faɗa wani mugun rami na ji ƙas a ƙarƙashi ta baya. Bakanike ya leƙa ya ce bai ga komai ba, tun daga nan kuwa ko tari ba ta yi ba.

Abin da ya ɓata mini rai a watan nan ba mota ba ce, masu ƙyanƙyasa ne. Na ɗauko kwali biyar na 'yan tsaki zan kai gona mai nisa, na jera su a but, can bayan kujerar baya, suna ta tsiwa. Kafin mu yi awa ɗaya suka yi tsit, na ce ka ji, har tsaki sun san mota mai daɗi. Da na isa na buɗe, sama da rabi sun mutu. Ba zafi, ba ciwo, kwance kawai kamar an jera su. Karo na biyu ke nan. Na rubuta wa masu ƙyanƙyasar takarda mai zafi.

In sunana ya fito a kwamfutarku, ki rubuta goma tun kafin ki kira.

Yayanki,
Likitan Kaji

24 ga Mayu

Yaya,

Ina fata kuna lafiya. Ban sami amsarka ba, direban ya ce bai ga kowa daga wajenka ba a zuwan da ya yi. Ina ɗauka kana nan kana jira kamar yadda na ce. Goggo lafiya. Ni ce ban cika lafiya ba.

Ranar Talata da hantsi wayar teburina ta yi ƙara. Wayoyin nan namu fita suke yi, ba a kiran su. Shekara shida ban taɓa jin kukan tawa ba, har matan ɗakin suka juyo. Na ɗauka. Mace ce, muryarta a dishe.

Ta ce, "Ke ce kike ta kiran wayar maigidana?"

Na duba allo, mutumin yana cikin masu Shiru, na yi masa alamar "ba a samu ba" tun watan jiya. Na ce ni ce, muna son jin yadda yake jin daɗin motarsa ne.

Sannan ta ce, "Ya ji daɗinta ƙwarai. A ciki aka same shi."

Ban tambaye ta ba, ita ta ci gaba. Da rana tsaka ne, shi da ƙanensa, suna dawowa daga wata tafiya mai nisa. Motar ta sauka daga titi a hankali, ta ratsa gonar masara, ta je ta jingina da wani suri ta tsaya. Manoman da suka zo sun tarar inji na aiki, rediyo na magana, ko ƙwarzane babu a jikinta. Su biyun suna zaune da bel a ɗaure, kai a jingine. Sai da aka fasa gilashi. A asibiti aka ce zuciya ce.

Ta ce, "Baiwar Allah, ke da kika yi karatu, zuciya biyu takan tsaya lokaci guda?"

Na ce ban sani ba. Na tambaye ta ina motar. Ta ce an sa sabon gilashi, babban ɗanta ke hawa yanzu, yana ta yabonta.

Na kai maganar wajen Mai Jadawali. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce Allah ya ji ƙansa, sannan ya tambaye ni ko sunanta ne a takardar motar. Na ce a'a. Ya buɗe hannuwa.

Na koma na yi abin da ba a taɓa sa mu yi ba, na ƙirga akwatunan da muke zubarwa. Kowace mota mutum ɗari biyu muka nema. Mai Tari, shida ba a samu ba. Amarya, tara. Shiru, talatin da ɗaya. Na duba adireshinsu. Babu ɗan cikin gari ko ɗaya. Duk mutanen nesa ne, masu doguwar tafiya a kan mugun hanya, irinka.

Kwana uku ke nan ina kiran lambobin da wayata a lokacin cin abinci, a kan matakalar baya. Goma sha ɗaya sun ɗauka. Bakwai daga ciki ba mai wayar ba ne ya ɗauka. Kuma su ma maganarsu iri ɗaya ce, Yaya. "Kamar barci." "Ko ƙwarzane."

Tara da ɗigo takwas ɗin nan gaskiya ne. Duk wanda muka samu ya ji daɗi.

Ban san mene ne ke cikin motar ba. Kada ka saya. Na karanta takardar nan sau biyu don in tabbata babu wasa a cikinta, babu kuma abin da na ɓoye a layin ƙarshe. Kada ka saya.

Ƙanwarka

9 ga Yuni

Yaya,

Allah ya sa kuna lafiya. Yau takardarka ta 20 ga Mayu ta iso, wani mai kwalekwale ya ƙetaro da ita ya ba direban, ta jiƙe ta bushe. A tsaye na karanta ta.

Na sauka da ita wajen tsohon bakaniken da ke gyaran janaretan gininmu. Ban gaya masa komai ba sai labarin tsakin da ƙas ɗin da ka ji. Ya ajiye sifana ya ce, "Wa ke hawa motar nan?" Ga abin da ya ce. Mahaɗin salansa, wato bututun hayaƙi, ne ya tsage ta baya, tsagar da ba a gani sai an ɗaga mota inji na aiki. In ana gudu, ƙofar but tana zuƙo hayaƙin ciki. Tsohuwar mota mai ɓaraka ko'ina iska ke fitar da shi. Wannan kuwa an toshe ta ruf don kada a ji ƙara, esi kuma iskar ciki yake ta juyawa. Abin da ke kisan ba shi da wari, ba shi da launi. Ciwon kai yake fara sawa, sai mantuwa, sai barci mai daɗi. Masu ƙananan jiki yake fara ɗauka.

Tsakin ba su da laifi. Masu ƙyanƙyasa ba su da laifi. Kujerar baya ta fi kusa da but.

Kada ka ƙara sa Tsagera a motar nan. Kada ka ƙara zama a ciki gilashi a rufe. Anti ta fi ka gaskiya.

Direban ya ce gada ta tafi, babu mota sai an gyara, takardata ta 24 ga Mayu ma tana aljihun motarsa. Na karɓe ta. Gobe zan je bakin ruwan da kaina in ba mai kwalekwale su biyun, ya ajiye a sito inda kake ɗaukar abincin kaji. Na kira hedikwatarku, sun ce za su gaya maka in ka zo taron ƙarshen wata. Wayarka kuma ina kira duk awa.

Tunda ka ce a mota kake karanta takarduna, zan yi rubutu a bayan ambulan da manyan baƙaƙe. Na san za ka ce wasa ne. Ni na koya maka haka, shekara da shekaru. Ka bi shi ko da don ka yi mini dariya.

Ƙanwarka

27 ga Yuni

Yaya,

Ina gaisuwa. Ban san wa nake gaisarwa ba. Goggo na tambayarka, ina ce mata ruwa ne.

Ranar Talata na kunna kwamfuta, sunanka ne na huɗu a jerin aikina. Wata biyu cif. Ga lambarka, ga launin mota, fara. Na kira, aka ce ba a samun ka. Na rubuta kira na ɗaya. Jiya na rubuta kira na biyu. Akwatin nan na "ba a samu ba" yana ƙasan allo ta hannun dama, ƙarami ne, bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Na yi masa alama sau dubbai ina cin biskit.

Kira na uku na ɗage shi zuwa Alhamis 4 ga wata, ƙarfe goma na safe. Ba zan iya wuce nan ba, kwamfuta za ta rufe fayil ɗin da kanta.

Na nuna wa Mai Jadawali sunaye bakwai da bayanin bakanike. Ya ce ba za mu iya tura ƙorafin haɗari ga masu ƙera motar ba sai mai mota ne ya faɗa da bakinsa, a cikin kiran da aka naɗa, a tambaya ta ashirin, wadda ake tambayar ko akwai ƙorafi. Na ce masu motar ba sa iya magana. Ya ce shi ya sa babu ƙorafi.

An ce motar abinci za ta gwada sabuwar gadar ranar Asabar. Zan ba direban wannan.

Ƙanwarka

2 ga Yuli

'Yar Boko,

Muna raye. Na fara da wannan kafin gaisuwa. Ki yi haƙuri da rubutun, hannuna bai gama dawowa ba.

Tun da gada ta tafi ban leƙa siton ba, don babu abincin da zan ɗauka, taron ƙarshen wata ma bai yiwu ba. Jiya Litinin na biya ta can a hanyar gona mai nisa. Ba a yi makaranta ba, Tsagera na tare da ni. Mun riga mun yi awa biyu a hanya, kaina ya yi nauyi, ita kuma tana barci. Buɗe ƙofar da na yi ya ɗan tashe ta. Mai sito ya miƙo mini takardu uku ɗaure da roba. Na ga manyan baƙaƙe a bayan ɗaya, ban ko karanta ba, na ce 'Yar Boko da neman magana, na jefa su kujerar baya in na isa in karanta. Na rufe ƙofa, na tayar.

Abin da na tuna bayan nan kaɗan ne. Na tuna muryarta a bayana, a hankali, kamar daga cikin rijiya, tana haɗa baƙaƙe. "Bu... ɗe." "Gi... la... shi." Na tuna ina son in ce mata ta bari, amma bakina ya yi mini nisa. Na tuna ina jin daɗi, wannan ne abin da ya fi tsorata ni yanzu. Ban taɓa jin daɗi irin na lokacin ba.

Sai iska ta mare ni a ƙeya.

Da idona ya dawo, muna ɗaya hannun titin, tayoyin hagu a cikin ciyawa, muna gangarawa a hankali wajen wani kwalbati. Na taka birki da ƙafa biyu. Na faɗo waje na yi ta amai. Na jawo ta, leɓenta ja wur, jikinta laƙwas, yatsanta har lokacin a kan maɓallin gilashi, takardarki a cinyarta. "BUƊE GILASHI KAFIN KA BUƊE WANNAN." An rubuta, ta bi.

Wani mai babur ya kai mu asibitin su Uwargida. Sun sa mata iska, ta kwana, yau da safe ta ci abinci ta karanta duk abin da ke bangon ɗakin.

A kan benci a asibitin na karanta takardun naki uku, a jere. Kin faɗa a fili tun farko. Ni ne na zaɓi layin da nake so.

An jawo motar, tana gindin bishiya a ƙofar gida, gilasai huɗu a sauke, makulli a aljihun Uwargida. Ko ƙwarzane babu. Ɗazu da muka dawo Tsagera ta tsaya tana kallon ta, ta ce, "Baba, yaushe za mu ƙara shiga? Barcin ciki ya fi na gado daɗi."

Alhamis ƙarfe goma ina kan dutse, ko da rarrafe ne. Ki kira.

Yayanki

4 ga Yuli

Yaya Likita,

Barka da arziki. Ka sumbaci yatsan nan nata. Goggo ta yi kuka, sannan ta ce dama ita ƙafarta ta gaya mata.

Ka yafe mini muryar da na yi maka ɗazu. Ana naɗar kiran, dole in karanta abin da ke allo. Lokacin da ka ɗauka kana haki ka ce "'Yar Boko, ni ne", dole ce ta sa na amsa da "Barka da hantsi, ina magana da mai motar?" Labarin da ka ba ni a tambaya ta ashirin na rubuta shi kalma da kalma. Takardar da ka ce ka aiko ba ta iso ba tukuna.

Ka ce sifili. Kwamfuta ba ta karɓar sifili, na sa maka ɗaya. Makin Shiru ya sauko daga tara da ɗigo takwas zuwa tara da ɗigo bakwai. Har yanzu ita ce ta ɗaya, haka kuma rahoton zai fita.

Amma kai mai mota ne, sunanka ne a takarda, kuma an same ka. Mai Jadawali ya saurari naɗin sau biyu, ya sa hannu, ƙorafin ya tafi wajen masu ƙerawa kafin azahar. Na liƙa sunaye bakwai ɗin a bayansa. Bai hana ni ba, ya dai kalli taga. Na kira matar nan kuma. Ta karɓe makulli daga hannun ɗanta.

Ka sayi Mai Tari. Wannan shi ne layin farko, shi ne na ƙarshe.

Da na tashi aiki motar hayar da na hau ta tsaya a cunkoso. Wata Shiru ta zo ta tsaya daidai tagata, ruwan toka, tayoyinta duk jan laka, daga gani daga nesa take. Gilasai a rufe. Mutumin yana riƙe da sitiyari da hannu biyu, fuskarsa a sake kamar ana yi masa albishir. A baya yara biyu sun jingina da juna.

Na sauka a tsakiyar titi, kwandasta na kira na. Na ƙwanƙwasa gilashinsa da zobena. Na ƙara. Na ƙara da ƙarfi, har masu babur suka fara tsayawa.

An daɗe kafin ya juyo.

Ƙanwarka,
'Yar Boko